Jikan Janar da Ranar Aurena

Ku da kuke tambayata yaushe biki, ku zauna ku ji. Nazifi, wanda zan aura, jika ne ga wani tsohon Janar da ya taɓa yin juyin mulki a ƙasarsu, ya shugabanci majalisar soja, daga baya ya dawo unguwarmu yana kiwon tattabaru. Ni da shegen karance-karance, na tono tsohuwar jarida mai ɗauke da jawabinsa na farko, inda ya rantse zai miƙa mulki ga farar hula kafin damina ta sauka. Na karanta har na haddace, na ce a raina jinin mutum mai alkawari haka ai shi ya dace da ni. Ban nemi jaridar shekarar da ta biyo baya ba. To, an sa mana rana bayan Ƙaramar Sallah, Nazifi ya ce a bari sai ya gama gini. Aka mai da bayan Babbar Sallah, ya ce yanayi bai daidaita ba. Atamfar ankon da ƙawayena suka saya har wasu sun ɗinka sun je bikin wata. Da abin ya ishe ni na tafi gaida kakan, tunda akwai wasa tsakaninmu. Na same shi yana watsa wa tattabaru gero, matarsa Hajiya Tasalla na gefe tana tsince shinkafa.

Ya ce, "Amaryata, yau kuma fuskar ba annuri?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, jikanka ya sake ɗage rana."

Ya gyara hula ya ce, "Ki ƙara haƙuri. Babban al'amari ba a yi masa gaggawa. Sai an kafa kwamiti, an duba, an shirya ƙasa."

Kusan haka Nazifi ya ce mini ranar Juma'a. Na daure na ce, "To kai da ka ce kafin damina, a wace daminar ka miƙa?"

Tsoho ya kama tari, ya juya wajen tattabarunsa.

Hajiya Tasalla ko ɗagowa ba ta yi daga farantinta ba, ta ce, "Wa ya ce miki ya miƙa? Wani ƙaramin soja ne ya gaji da jira ya zo ya ɗauke. Ke duk unguwar nan babu ƙaramin soja?"