Rasuwar Dattijo, Keken Ɗinkin Malama Safara'u

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Malama Safara'u ta unguwar Rikkos a Jos, tsohuwar malamar firamare, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar keken ɗinkinta da aka fi sani da Dattijo. Ya cika ranar Talata da hantsi, cikin watan Agustan 2006, da allura a bakinsa da yadi a ƙarƙashinsa.

Marigayin ya shigo gidan shekara talatin da ɗaya da suka wuce. Mijinta, marigayi Malam Sharafaddeen, shi ya sayo shi a Rayfield wajen wata Baturiya da ke haɗa kayanta bayan haƙar kuza ta ja baya. Malama ba tela ba ce, ba ta taɓa ɗinka wa kowa riga ba. Abin da ya haɗa ta da Dattijo shi ne bargo. Duk Asabar sai ta bi shagunan teloli a Laranto ta tsinto ƙyallayen da aka zubar, ta wanke, ta goge, ta yanka su murabba'i ko masu kusurwa uku. Dattijo ya haɗa su, ta shimfiɗa auduga a tsakani, ya bi ya danne, ya yi kalmasa a baki, ita kuma ta ɗora fure da surfanin hannu. Da haka suka yi maganin sanyin Jos a gidaje da yawa.

An shaide shi da haƙuri. Bai taɓa neman wutar lantarki ba, ɗigon mai kaɗan ya ishe shi. Bai raina atamfa ba, bai ji tsoron shadda ba. Maganarsa ɗaya ce, "kar-kar-kar," in ya zo kan ɗinki mai kauri ya ce "ƙit," ya numfasa, ya wuce. Tun da mijinta ya rasu bara, muryar nan kaɗai ke amsa wa Malama a ɗakin.

Ciwon ajali ya faro da tsallake ɗinki da tsinka zare. A lokacin suna kan aiki mafi nauyi: bargon da take haɗawa da rigunan Malam Sharafaddeen, har da babbar rigarsa ta Juma'a, farar shadda mai aska biyu, wadda sai da ta yi sati tana kallo kafin ta iya sa mata almakashi. Sun kai rabi sai Dattijo ya yi wata ƙara da ba ta taɓa ji ba, ya tsaya cak.

Ta aika wa Oga Ignatius, mai gyaran keke. Tun rikicin 2001 ya kwashe shagonsa ya koma wancan ɓangaren gari, ya daina taka Rikkos. Amma ya zo. Ya kwance cikin marigayin, ya ɗaga wani ƙarfe da ya rabe biyu, ya daɗe yana juya shi.

"Mama, ka yi haƙuri," in ji shi. "Wannan ƙarfe ko Aba ka je, babu. Masu yi ma sun mutu."

"Oga, ko a liƙa? Rabin bargo kawai ya rage mini."

Ya girgiza kai. Ya ƙi karɓar ko kwabo, ya sha ruwa, ya yi sauri ya fita kafin la'asar.

Marigayin ya bar barguna arba'in da bakwai a warwatse, wasu a ɗakunan amare, ɗaya a gidan Madam Felicitas da suka koyar tare, wadda rabon da su haɗu shekara biyar. Ya bar almakashi, da gwangwanin maɓallai, da rabin bargo maraya. Ya kuma bar Malama, wadda yanar ido ta fara rufe wa gani. 'Yarta Rahma ta ce za ta sayo mata sabo mai lantarki. Malama ta ce a bar shi, domin da hannu da kunne take tuƙa Dattijo, ba da ido ba, kuma ba ta da sauran shekarun koyon muryar baƙo. Ta gwada ƙarasawa da hannu. Ta soki yatsa sau uku, jini ya ɓata farar shaddar, ta naɗe ta ajiye.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe. Pwajok mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo da baro ya ɗauki mamacin. Ana karɓar gaisuwa a gida har kwana uku, ba sai an zo da komai ba. Roƙo ɗaya Malama ke yi wa masu ɗauka: in guduma za su sa masa, don Allah su bari sai sun sha kwanar masallaci, inda ba za ta ji ba.