Yadda Na Shagwaɓa Bakteriya da Sukari

Komai zan manta a shekarata ta ƙarshe a jami'a, ban da ranar da asirina ya tonu cewa ina ba bakteriya sukari a ɓoye.

Binciken kammala digirina a kan ƙasar wani garejin kanikawa ne a Tudun Wada, inda baƙin mai ya jiƙa ko'ina. A cikin ƙasar akwai bakteriya masu cin guba irin su fenol. Shi fenol ƙirarsa kamar zobe take, ga wuyar fasawa. Su kuwa sai su cusa masa iskar oksijin, su ɓalle zoben, su cinye. Aikina in zuba musu fenol a kwalabe, in nuna yana raguwa. In bai ragu ba, sai maimaita shekara (ga shi Inna ta riga ta shelanta wa duk 'yan gidanmu, Gidan Dahala, cewa bana zan gama).

Mako guda ruwan kwalaben garau, ba alamar sun hayayyafa. Sai tausayi ya kama ni. Ni da na tashi a gidan da baƙo ba ya fita da yunwa, ya zan tsare bayin Allah da guba zalla? Na shiga barbaɗa musu gulukos kullum. Cikin kwana biyu ruwa ya yi fari-fari kamar farau-farau, har na fara yi wa 'yan ajinmu kallon raini.

Ranar awo, a gaban Dakta mai duba aikina da dukan rukuninmu, Malama Rifkatu mai kula da ɗakin gwaji ta auna. Fenol na nan daram. Ta sake aunawa, haka dai.

Dakta ya ɗaga kwalba yana dubawa. "Sun ƙoshi, amma ba su taɓa gubar ba. Ke, mi kib ba su?"

"Ɗan gulukos ne, Dakta, don su samu ƙarfi."

"Sukari? To wa ka wahalar fasa zobe ga zaƙi gabanai?"

Ɗaki ya kece da dariya. Nan take sunana ya koma Uwar Bakteriya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da aka watse, ina ta sharar hawaye, Malama Rifkatu ta dafa ni. "Bar kuka, ƙanwata. Na ajiye ragowar irin bakteriyarki a firij. Ki sake zuba wasu ba sukari, ki gwada su da waɗannan. Ai wannan ma sakamako ne."

Mako uku tana buɗe mini ɗakin gwaji har ranar Asabar, amma ko kwalba ɗaya ba ta taɓa mini ba. Da yunwa ta ci bakteriyan, suka far wa fenol. Na gama tare da 'yan ajinmu, kuma wannan kwatancen ne aka fi yabawa a aikin (ban ce wa baƙin malaman da suka zo jarraba mu kuskure ne ya haife shi ba).

Allah Ya saka wa Malama da alheri. A wurinta na gane tausayi iri biyu ne: nawa ya ƙosar ya sangartar, nata ya buɗe mini ƙofa ya bar ni da aikina.