Yadda Za Ki Ƙara wa Jif ɗin Baba Tsayi Ba Tare da Kin Buɗe Baki Ba

Idan ke irina ce, wadda ake taka wa ƙafa a layi ta ce "yi haƙuri", wannan darasin naki ne. Na ɗaukar miki alkawari: ki bi matakan nan bi da bi, motar mahaifinki za ta yi tsayi, fitilun gargaɗi na gaban direba za su kama kamar shagon gyaran waya, ke kuma bakinki alaikum har kusan ƙarshe. Ban taɓa ganin ya ƙi aiki ba, ko da yake a kaina kaɗai na gwada.

Kayan aiki: tsohuwar jif mai shiga daji, digiri ɗaya, da kunya mai yawa.

1. Ki karɓi makulli da sharaɗinsa

Kin samu aikin duba rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka. Baba kuwa ciwon gwiwa ya raba shi da tuƙi. Zai miƙo miki makulli, amma ba zai sake shi nan take ba.

"Uwata, yadda kamfani ya ƙera motar nan haka na riƙe ta. Ko abin ƙamshi ban taɓa rataya mata ba. Ki ba ta mai, ki ba ta ruwa. Ranar da kika ƙara mata wani abu, ki ajiye min makullina."

Ki ce to. Idan babu motar babu aikin, kin sani, shi ma ya sani.

2. Ki kafe a laka gaban abokan aiki

Ki zaɓi ranar da aka kwana ana ruwa. Ki shiga kwatamin da kowa ya kauce wa, saboda wani mai babur yana bayanki kuma kin ji nauyin tsayar da shi. Abokan aikinki za su sauko su tura, ke kuma ki danna totur ki wanke su da laka har wuya. Oganku zai goge gilashin idonsa da gefen riga ya ce, "Ba laifinki ba ne, tayoyin ne ƙanana."

Ya faɗa ne don kada ki yi kuka. Ke ki ɗauki maganar a matsayin umarni.

3. Ki yi bincike sosai, sannan ki haɗiye shi

Ki kashe hutun ƙarshen mako kina karatu. Za ki gano cewa mota ba ta ganin hanya. Juyawar taya take ƙirgawa, da wasu 'yan na'urori da ke jikin kowace ƙafa, su kai rahoto ga ƙwaƙwalwarta. Babbar taya tana cin ƙasa mai yawa a juyi ɗaya, don haka idan an canza taya dole a sake saita ƙwaƙwalwar, in ba haka ba duk lissafinta ya rushe. Ki fahimci wannan har ki iya koyar da shi.

Sai ki tafi wurin mai taya da niyyar ƙara ɗan kaɗan kawai. Zai ɗan shuri tayar Baba ya yi tsaki.

"Ƙanwata, wannan ai takalmin jarirai ne. Ga naki can." Zai nuna wasu masu haƙora, tsayinsu ya kusa ƙugunki.

"Amma ƙwaƙwalwar..."

"Za ta saba. Mota ai kamar mutum ce."

A cikin ranki ki ba shi amsa mai shafi uku. A fili ki gyara zaman jakarki ki ce, "Haka ne." Masu hikima sun ce ilimin da ba a faɗa ba ya fi daɗewa bai tsufa ba. Ni ce masu hikimar.

4. Ki ɓoye giwa a tsakar gida

Motar ta daina shiga gareji sai da addu'a, don haka ki riƙa ajiye ta bayan tankin ruwa, inda Baba ba ya hangowa daga kujerarsa. Tsofaffin tayoyin ki jera su a bayan gida ki ɗora musu tukwanen fulawa. Umma ce matsala. Za ta tsaya da bokitin wanki ta ƙare wa motar kallo.

"Ni kam motar nan ƙiba ta yi?"

"Laka ce, Umma."

"To Allah Ya sa laka ce."

5. Ki saba zama da mai ƙarya

Daga yau maleji mai nuna gudu ba ya faɗar gaskiya. Allura tana kan sittin, ke kuwa kin wuce nan, ga masu kula da hanya suna miki kallon sani. Giya tana shiga a makare, kamar mai jiran a roƙe ta. A kwana taya tana gurzar madgad, mota kuma ta ɗauka santsi kike yi, sai ta taɓa miki birki da kanta ba ki aike ta ba. Mai yana tafiya kamar an huda tanki.

Sai fitilun gargaɗi na gaban sitiyari. Ta birki za ta fara, sannan mai hoton mota tana zamewa, sannan wata mai ruwan ɗorawa da ban san aikinta ba har yau. Kada ki firgita. Ki samo kwalin tishu ki jingina a gabansu. Fitilar da ba ki gani ba, tsakaninta da Allah ne.

6. Ki kai Baba asibiti

Ranar ganin likitan gwiwa za ta zo. Baba zai kama ƙofa ya ɗaga ƙafa, ƙafar ta ƙi kaiwa. Zai sake gwadawa. A ƙarshe ke da Umma za ku tallafa shi ya shiga, yana haki, ba ya kallon kowa.

A hanya zai leƙa maleji ya gyaɗa kai. "Madalla, Uwata. Tuƙinki ya natsu. Ga sannu, ga saurin isa."

Ki karɓi yabon. Ba kullum ake samu ba.

Daf da ƙofar asibiti akwai tudun rage gudu. Kwalin tishu zai faɗo. Baba zai daɗe yana kallon fitilun nan, sannan ya shafa gwiwarsa.

"Ni da ita tare muka tsufa," zai ce a hankali. "Da can ƙafa ɗaya nake ɗagawa in shige. Yau sai da mata biyu suka ɗora ni. Ita ma ga ta tana ta kiran ciwo. Gara in sayar da ita tun tana motsi."

A nan darasin ya ɗan kuɓuce min.

7. Ki buɗe baki a wurin da bai dace ba

Ki tsaya a filin ajiye motoci, ki riƙe sitiyari da hannu biyu, ki zubo komai: laka, Oga, mai taya, juyi, ƙwaƙwalwa, tukwanen fulawa. Bayanin ba kuskure. Mai gadin asibiti zai matso ya ji ko lafiya.

Baba zai sauka da ƙyar, ya zagaya motar da sandarsa, ya ƙwanƙwasa taya ɗaya, ya gwada tsayinta da ƙafarsa.

"Wato ba ni na gajarce ba."

"A'a, Baba."

"Kuma sittin ɗin da nake ta yabo?"

"Ya ɗan fi sittin."

Zai miƙo hannu. Ki sa masa makulli. Zai jefa a aljihu ya shige wurin likita, ya bar ki a kan benci kina lissafin yadda ake zuwa ƙauye a bayan babur da jakar kayan gwajin ruwa.

Idan ya fito zai tsaya a gaban motar, ya dube ta, ya dubi gwiwarsa, ya ciro makullin.

"Buɗe min. Wurin mai tayar nan za mu. Ni ina cikin mota, tunda sauka aiki ce. Ke za ki yi magana."

"Baba, da dai kai ka..."

"Bayanin da kika yi min ɗazu har mai gadi ya gane. Shi za ki maimaita."

Ki maimaita. Za ki yi gumi, za ki kira shi "ranka ya daɗe" ba dalili, amma za a ɗauko tsofaffin tayoyin daga gida a mayar, kuma mai gyaran wayarin mota zai kashe fitilun.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba bakanike ba ce, kuma ba ta da alhakin tarar gudu, ƙarar madgad, fulawar da ta rasa mazauni, ko mahaifin da ya karɓi makullinsa bai mayar ba. Nawa ya mayar, amma ba duka iyaye ba ne. Haka kuma ba ruwanta da abin da ya biyo baya: tun da mota ta koma tsayinta, Baba yake kiran maƙwabta su zo su ga yadda yake shiga da ƙafa ɗaya, yana cewa gwiwa ta warke. Likita bai yarda ba. Su biyun su daidaita tsakaninsu.