Rasuwar Ɗan Maraɗi, Keken Yayana Halilu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗar hagu ɗaure cikin tsumma, ni Muhtari Bawa, malamin makaranta a yankin Ɗan Isa, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi rasuwar kekena, wanda aka fi sani da Ɗan Maraɗi. Ya cika ranar Talata da hantsi a gangaren gulbi, bayan jinyar wata uku. Shekararsa bakwai a gidanmu. Shekarun da ya yi a Turai kuwa ba wanda ya sani, don gwanjo ya zo.

Marigayin ba nawa ba ne tun asali. Yayana Halilu, mai fataucin albasa, shi ya sayo shi a Maraɗi a 1988, ya shigo da shi ta Jangeru. Keken hawan dutse ne, mai kaurin taya da giya goma sha takwas, kansa a miƙe sambal kamar muciya. Da Allah ya karɓi ran Halilu, matarsa Kulu da 'ya'yansa suka yarda a bar mini keken. Robar hannun hagu ta yage tun Halilu yana raye, ya naɗe wurin da jar fata, ya ɗinke da kansa, ɗinkin duk a karkace. Ta dama kuma babban yatsansa ya ci ta har ya yi gurbi. Kullum da safe yatsana a cikin gurbin nan yake kwanciya, sai in ji kamar mun gaisa. Abin da ya rage mini na hannun ɗan'uwana ke nan a duniya.

Kowa ya shaidi marigayin da haƙuri. Bai taɓa tsayawa gardama da yashin hanyar Kasuwar Daji ba, bai taɓa ƙin ɗaukar buhun gero ba, bai kuma san fushi da damina ba. Ba shi da yawan surutu. In an sauya masa giya ya ce "ƙas," in ya ga akuya a hanya ya ce "ƙirin-ƙirin," shi ke nan.

Ciwon ajalinsa ni na jawo masa, kuma ba zan ɓoye ba. Da aka ba ni hedimasta sai na fara jin nauyin kaina. Miƙaƙƙen kai yana sa mutum ya duƙa, iska ta cika masa babbar riga ta baya, abokan wasa suna cewa kullum kamar allura nake nema a ƙasa. Na ga dattawa zaune ɗaram bisa kekunansu, na ce ni ma na kai. Ranar Alhamis na je kasuwar Shinkafi na sayo wani kai mai lanƙwasa, yana ta walƙiya, ban tambayi kaurinsa ba.

Nagoggo mai gyaran keke ya fita haƙƙina. Ya ɗauki zare ya zagaya tsakiyar tsohon kan, ya zagaya ta sabon, ya nuna mini sabon ya gaza da kamar faɗin farce. Ya ce bakin wuyan keke, inda ake damƙe kan da noti, kauri ɗaya aka ƙera shi ya riƙe, don haka ko in nemo kai daidai bakin, ko in sauya wuyan gaba ɗaya. Na tuna masa cewa ni nake koyar da lissafi. Sai ya yanko gwangwanin madara, ya naɗa, ya cusa, ya ɗaure. Tsohon kan kuwa, mai jar fata da gurbin yatsa, na bar shi a rumfar na ce ya yi yadda ya ga dama da shi. Ko waiwayarsa ban yi ba, ina ta gyara zama.

Bayan sati biyu marigayin ya fara nishi, "ƙiiƙ, ƙiiƙ," duk ramin da muka faɗa. In ya yi kuka sai in ɗauko sifana in ƙara matse notin, wai magani nake ba shi. Matata Kubura ta nuna mini wata siririyar tsaga a bakin wuyan, na ce mata fenti ne. Ranar Talatar nan muna gangarawa sai wuyan ya ce "ɗas." Kan ya juya ƙasa da birki da komai, na lalubi birki na rasa, muka yi karo da dutsen bakin kwalbati. Ni na tashi da gocewar kafaɗa. Shi ƙashin bayansa ya naɗe gida biyu, tayar baya ta ɗan yi ta juyawa ita kaɗai, sannan ta tsaya.

Ya rasu ya bar sirdi, da famfo, da tayar baya cikin ƙoshin lafiya, da ƙararrawa wadda muryarta ta dushe. Ya bar Nagoggo, wanda har yau bai ce mini ai ya faɗa ba. Ya kuma bar Kulu. Ta zo duba ni, ta tsaya kan gawar, na ga idonta yana neman jar fatar nan. Ba ta tambaye ni ba, ta yi mini sannu ta tafi. Na fi jin wannan fiye da kafaɗar.

Za a wanke marigayin ranar Asabar da safe a rumfar Nagoggo, bayan tashar jirgin ƙasa. Liman ya tabbatar mana ba a yi wa ƙarfe salla, saboda haka addu'ar da kuka tanada ku yi wa Halilu. Sassan da ke da sauran amfani za a bayar sadaka ga kekunan mabukata. Gangar jikin ba za a ba masu sayen tsohon ƙarfe ba, a zaurena za a rataye ta. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gidana bayan la'asar, kwana uku.

Saura roƙo ɗaya. Nagoggo ya sayar da tsohon kan ga wani mutumin wajen Zurmi, bai riƙe sunansa ba. Duk wanda ya ga keke mai miƙaƙƙen kai, hannun hagu naɗe da jar fata, don Allah ya gaya wa mai shi ya biyo ta gidana. Ba sai ya mayar mini ba. Ya dai bar ni in ɗora yatsana a hannun dama sau ɗaya.