Ranar da Na Binne Kwamfuta a Buhun Shinkafa

Ba zan taɓa mantawa da lokacin da fuskar kwamfutar nan ta yi baƙi ƙirin ba. Gabana ya faɗi ras!

Aikin kula da wani dattijo nake yi a unguwar Tremont da ke Bronx, cikin birnin New York, Baba Malam, tsohon malamin makaranta daga Kumasi. Saura kwana biyu azumi ya zaro wani faifai daga akwatinsa, wai manhajar taurari ce da yake duba tsayuwar wata da ita tun ba a haife ni ba. "Ɗiyata, sa mini ita a sabuwar kwamfutar nan." Ya shige ɗaki ya kwanta. Ni kuwa uwar iyayi (sakandare kaɗai na gama, amma a gidanmu ni ce injiniya) na bi wani bidiyo a waya har ta buɗe.

Sai ga koren rubutu. Ta nemi lambobin inda nake, na kwafo na New York na ba ta. Kawai sai wata jar da'ira ta fito, irin ta saitin bindiga, tana yawo cikin ɗige-ɗige. A gefe lambobi suna ƙirga baya, ɗit, ɗit, ɗit.

Ku tuna fa, ga ni da hijabi, takarduna na izinin zama ba su fito ba. Inna ta sha ja mini kunne cewa a ƙasar nan ko tari ka yi a intanet ana ji. Na ce shi ke nan, na saita wa garin mutane wani abu, gobe ina cikin jirgin Yamai. Sai jiniya a titi (a Bronx jiniya ba ta hutawa, amma ta ranar na rantse tawa ce).

Na rufe kwamfutar, na cusa ta cikin buhun shinkafa, na zauna a kai. Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe, hannuwa sama, hawaye shaɓe-shaɓe: "Wallahi wata muke nema!"

Anti Rabi ce, 'yar Baba, riƙe da ledar cefane.

"Ke, lafiya? Wane watan?"

Na kwashe labari na faɗa mata. Da ta tono kwamfutar ta buɗe, Baba ya fito ya gyara tabarau. "Allah sarki, ɗiyata. Jan abin nan ai wata ne. Lambobin kuma lokacin faɗuwarsa suke ƙirgawa."

Anti ta yi dariya har da riƙe bango, sannan ta rungume ni. "Babu mai zuwa kama ki. Je ki wanke fuska, an kira azahar."

 Ranar na koyi abu guda: kafin ka miƙa wuya, fara leƙawa ta hujin ƙofa.