Rikodar da Ta Juya Kaset da Kanta

Ba zan taɓa mantawa ba, duk da na yi shekaru ina ƙoƙarin mantawar. Saura ƙiris ma in fasa ba ku labarin nan, don na faɗe shi a Kwatano, na faɗe shi a Yamai, amma a gida ban taɓa ba. To yau dai ga shi.

A shekarun tamanin ni ɗan kaset ne. Ina da keke, da rikoda biyu, da lasifika ɗaure a kariyar keken, ina bin kasuwanni daga Bunkure zuwa Kura har Garun Malam. Mawaƙi guda nake ɗaukar waƙarsa da kaina, Baba Tanimu mai gurmi, wanda na yi wa amshi ina saurayi. Shi kuma ubangida guda gare shi a duniya, Alhaji Bawa, babban manomin tumatir a Bunkure. Shekara da shekaru ba ya ambaton sunan kowa a waƙa sai nasa.

Ni kuwa na je Legas sau biyu, saboda haka ina ganin na fi kowa sanin kasuwa. Na ce, "Baba, mutanen Kura ba sa sayen kaset ɗinmu. Ka yi wa Alhaji Idi ko baiti uku mana."

Alhaji Idi mutumin Kura ne, shi ne wanda gonarsa ke sama da ta Alhaji Bawa a bakin kanal, kuma duk rani sai sun yi rigima a kan wa ya tare wa wani ruwa.

Baba ya ce, "Kai ɗan nan, baki ɗaya gare ni, kuma na riga na bayar."

Sai na yi dabara (a lokacin sunanta dabara). Na ɗan iya taɓa gurmi, kuma in na toshe hanci muryata kan yi kama da tasa. Na kulle ɗaki na rera wa Alhaji Idi waƙa da muryar Baba, da niyyar in buga in kai kasuwar Kura. Kaset ya yi tsada a lokacin, don haka na ɗauke ta a bayan kaset ɗin sabuwar waƙar Alhaji Bawa. Gaba Bawa, baya Idi. Wa zai juya in ba ni ba?

Kwana biyu bayan nan Alhaji Bawa ya gama kwashe tumatir, ya tara ma'aikatansa da dillalai a ƙofar gida bayan La'asar, aka ce in zo a ji sabuwar waƙa. Ina sauke rikodata ya ɗaga hannu.

"Mai kaset, ajiye wannan gwangwanin. A ɗauko tawa ta Makka."

Aka fito da wata doguwar aba mai maɓallai kamar gaban jirgi. Na saka kaset, waƙa ta tashi, Alhaji yana gyaɗa kai, Baba Tanimu na zaune kusa da ƙafarsa yana murmushi. Ni ma na samu wuri na ja kwanon shinkafa. Waƙa ta ƙare. Na ji ƙas. Na ce bari in kai wannan lomar sannan in tashi in cire.

Sai gurmi ya sake tashi.

Na dubi rikoda, ba kowa kusa da ita. Na dubi hannuna, shinkafa ce a ciki. Wallahi abin da ya fara zuwa raina aljanu ne. Ban taɓa jin an ce akwai rikodar da ke juya kaset da kanta ba, ni da na je Legas sau biyu. Ina cikin wannan lissafi muryar ta fito, tar:

"Idi na bakin kanal, sha ka ƙoshi, na ƙasa su jira!"

Na ƙasan kuwa kowa ya san ko wane ne. Na yi tsalle na danna maɓalli, murya ta ƙaru. Na danna wani, wasu fitilu suka kama rawa. Na danna na uku, ta koma baya ta sake cewa na ƙasa su jira. Wani dillali yana ta ihu, "Zare batir! Zare batir!" Ni kuwa har na fara karanta mata addu'a.

Da aka samu ta yi shiru, ba wanda ya kalle ni. Baba ake kallo. Alhaji ya ce a hankali, "Tanimu, ashe har Kura kake zuwa?"

Baba kansa ya rikice, har ya ce, "Ranka ya daɗe, muryar dai kamar tawa, amma ban san ranar da na yi ba." Na ga tsohon nan zai rasa ubangidansa a kan abin da bai sani ba.

Na ce, "Alhaji, ni ne."

"Kai ne me?"

"Ni na yi waƙar."

"Kana so ka rufa wa maigidanka asiri. Muryar Tanimu ce, na fi shekarunka ina jin ta."

Na rantse, ya ƙi yarda. Ƙarshe ya ce in ni ne, in yi a gani. Haka na tsaya a gaban mutum sama da hamsin, da shinkafa a gemu, na kama hancina da yatsu biyu, na rera wa abokin gabar mai gida kirari a ƙofar gidansa. Ban kai ƙarshen baiti ba wani ya faɗo daga benci. Alhaji ya yi dariya har hularsa ta zame, ya dafa kafaɗar Baba ya ce ya yafe masa laifin da bai yi ba. Ni kuma aka ba ni kwandon tumatir, wai ladan waƙa, wanda ya fara lalacewa.

Tun daga ranar na koyi cewa in za ka yi fuska biyu, kada ka ajiye su a kaset ɗaya, kuma ka fara tambayar abin da injin mutane ya iya.

A hanyar komawa ina tura keke, Baba na tafe a gefena. Na shirya wa zagi, na shirya wa kora. Sai da muka hau gadar kanal ya tsaya, ya dube ni da damuwa ta gaske, ya ce:

"Ɗan nan, tsakaninka da Allah, haka muryata take a kunnen mutane?"