Rasuwar Burushin Tukunya a Bakin Ragon Layya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Hamdiyya ta Birnin Malam nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar burushina na wankin tukunya, wanda aka yi da zaren ɓawon kwakwa aka murɗe shi da waya. Ya rasu ranar Talata da hantsi, bayan shekara uku yana hidima a gidanmu.

Marigayin ɗan kasuwar Jega ne. Bai taɓa karce mini tukunya ba, kuma ko ƙanzon tuwo ya kwana ya bushe, sai ya ɗauke shi. Har yanzu kunnena yana jin muryarsa a gindin tukunya, ƙar-ƙar-ƙar.

Bai yi jinya ba. Laifina ne. Na ga kwanon da ragon layyarmu yake cin dusa ya yi datti, na goge shi da marigayin, ban ɗauraye shi ba na rataye shi a kan turke ya sha iska. Ashe yana ta ƙamshin dusa da kanwa. Da na dawo daga rijiya ƙotar katako kawai na tarar, rago yana lasar baki. Wayar ban gan ta ba. Na share wurin sau uku, na tankaɗe ƙasar da rariya.

Ragon nan wata bakwai maigidana Baban Amatullah yake kiwonsa da hannunsa, ko yara bai yarda su zuba masa abinci ba. Ya tafi Aliero lodin albasa, gobe zai dawo, ga Sallah saura kwana tara. Muntari mahauci ya zo ya lallatsa cikin ragon, ya ce zaren zai iya wucewa, amma waya ba zai rantse a kanta ba. Tun jiya ragon bai yi tuƙa ba.

Marigayin ya bar yayansa mai doguwar ƙota na wankin randa, da ƙaninsa mai faɗi na gugar daɓe. Duk na ɓoye su a saman rumbu.

Ba a sa lokacin jana'iza ba, domin gawa ba ta fito ba. Ana zaman makoki kusa da turke, inda nake tsugune da tsinke ina tona duk abin da ragon ya sauke. Masu zuwa ta'aziyya su taho da man gyaɗa a ɗura masa. Idan Allah Ya sa waya ta fito, za a binne ta a gindin dogon yaro bayan la'asar. Idan ba ta fito ba har motar Aliero ta tsaya a ƙofar gida, mai son yi mini gaisuwa ya same ni a Fagada, gidan gwaggona.